Gonar Gado Da Rabon 'Ya Mace: Daga Banu Isra'ila Zuwa Ƙasar Shanono

  

A ƙasar Shanono, kamar sauran karkarar da ta tashi daga arewa maso yammacin Kano har ta dangana da iyakar Katsina, da wuya a sami sauran dajin da mutum zai saɓa gatari ya shiga ya sare ya yi sabuwar gona. Gona tana jingine da gona, iyakar wannan ita ce iyakar wancan, tushen gamba ko gindin ɗorawa shi ne shaida a tsakani. Ƙidayar shekarar 2006 ta sami mutane sama da dubu 140 a wannan ƙaramar hukuma, kuma tun daga lokacin ana ta haihuwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba. Saboda haka wanda duk zai mallaki gona a Faruruwa ko Kokiya ko Leni, ɗayan biyu ne, ko dai ya saya, ko kuwa ya gada.

To, idan mai gida ya rasu, aka share makoki, aka zo maganar tarika, ba a cika yin gardama a kan tufafi da tumaki da 'yan kuɗin da ya bari ba. A bakin gona ake tsayawa. A nan ne za a ji ɗa namiji yana cewa, shi ba ya ƙin 'yar'uwarsa, amma idan aka yanka mata gona, gonar ta bar gidan ke nan har abada, domin ita tana gidan wani, 'ya'yanta kuwa sunan wani suke amsawa. Wannan magana ba a raina ta, don akwai gaskiyar rayuwa a cikinta. Abin tambaya shi ne, gonar gado ta wane ne? Ta gida ce, watau zuriyar da ta haɗa matattu da rayayyu da waɗanda ba a haifa ba tukuna, ko kuwa ta mutanen da mamaci ya bari ce, kowa da sunansa da rabonsa?

Tambayar ta girmi Shanono, ta girmi Kano. Mutanen da suka fi kowa tsananta amsa ta farko su ne Banu Isra'ila, kuma ya kamata mai karatu ya san yadda suka yi, domin a gane inda Musulunci ya rabu da su. Alƙur'ani mai girma ya ba da labari a Suratul Baƙara da Suratul A'araf cewa an karkasa su ƙabilu 12, kuma sa'ad da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya bugi dutse da sandarsa, idanun ruwa 12 suka ɓuɓɓugo, kowace ƙabila ta san mashayarta. A Suratul Ma'ida kuma an faɗi yadda aka umarce su da shiga ƙasa mai tsarki suka noƙe, har aka haramta musu ita shekara 40. Yadda aka raba ƙasar bayan sun shiga kuwa, wannan a cikin littattafan da ke hannunsu ake samunsa. Ƙa'idar malamai game da irin waɗannan labarai sananniya ce: an yi izinin a ba da su, abin da ya dace da Alƙur'ani a karɓa, abin da ya saɓa a bari, wanda aka yi shiru a kansa kuwa kada a gaskata kada a ƙaryata. Ba a gina hukunci a kansu, amma ana iya ɗaukar izina.

Littattafan nasu sun ce a zamanin Yusha'u ɗan Nun aka raba ƙasar da ƙuri'a, ƙabila ƙabila, sa'an nan kowace ƙabila ta raba wa gidajenta. Zuriyar Lawi ba a yanka musu yanki ba, sai garuruwa 48 da zakkar amfanin gona, domin su ne masu hidimar ibada. Gado kuwa na 'ya'ya maza ne, ɗan fari ya ɗauki ninki biyu. Sai ga wani mutum daga ƙabilar Manassa, mai suna Zelofehad, ya mutu a jeji bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya'ya mata biyar: Mala, da Nuwa, da Hogla, da Milka, da Tirza. Babi na 27 na Littafin Ƙidaya ya ce waɗannan 'yan mata suka tsaya gaban Annabi Musa da shugabannin jama'a, suka nemi a ba su rabon ubansu don kada sunansa ya ɓace a cikin danginsa. Aka ba su gaskiya, aka kuma kafa doka a kai: in mutum bai bar ɗa ba, 'yarsa ta gaje shi, in babu 'ya, 'yan'uwansa maza, in babu su, 'yan'uwan ubansa, in babu su, wanda ya fi kusa a dangi.

Amma magana ba ta ƙare a nan ba. A babi na 36 na wannan littafi sai dattawan Manassa suka dawo da kukansu, kuma wanda ya taɓa zama wajen rabon gado a ƙauye zai ji kamar ya san muryarsu. Suka ce in waɗannan 'yan mata suka auri maza daga wata ƙabila, rabonsu zai bi su, ƙasar Manassa ta ragu, ta wasu ta ƙaru. Sai aka ɗaure hukuncin farko da sharaɗi: macen da ta gaji ƙasa ta auri wanda take so, amma a cikin ƙabilar ubanta kaɗai. 'Yan matan biyar suka auri 'ya'yan baffanninsu, ƙasa ta zauna inda take.

Ba mace kaɗai aka ɗaure ba. Babi na 25 na Littafin Firistoci ya hana a sayar da gona sayarwa ta har abada, da hujjar cewa ƙasa ta Allah ce, su baƙi ne a kanta. Wanda talauci ya sa ya sayar, ɗan'uwansa na kusa yana da ikon ya fanso, in kuwa ba a fanso ba, a kowace shekara ta 50 gona tana komawa gidan da ta fito. Don haka kuɗin gona a wurinsu kuɗin kakar da ta rage ne kafin waccan shekara, watau abin ya fi kama da jingina mai wa'adi fiye da ciniki. Daga baya, a zamanin sarautarsu, an ba da labarin wani manomi Nabot, wanda Sarki Ahab ya nemi ya sayar masa da gonar inabinsa da ke kusa da fada, ko ya musanya masa da wadda ta fi ta. Nabot ya ƙi, don gadon kakanninsa ce. Matar sarki ta sa aka yi masa ƙage aka jefe shi, Annabi Ilyasu kuma ya tari sarkin a cikin gonar ya yi masa albishir da azaba. Manomin Shanono da yake ganin sayar da gonar gado abin kunya ne zai fahimci Nabot ba tare da tafinta ba.

Tsari ne mai ma'ana a muhallinsa. Ƙasar an ba su ita ne a matsayin ƙabilu, saboda haka ƙabila ce mai mallaka, mutum ɗaya riƙo kawai yake yi. Amma a duba abin da aka biya don a tsare shi. 'Ya mace ba ta gado sai in babu namiji. Matar mamaci ba ta cikin jerin magada ko kaɗan. Wadda ta gada kuwa an taƙaita mata inda za ta yi aure. Su kansu malaman Yahudu na baya sun faɗa a cikin Talmud cewa wannan sharaɗi na aure ya shafi mutanen wancan zamani ne kaɗai, waɗanda aka raba wa ƙasar, daga baya aka ɗage shi.

A Madina ma an yi irin wannan tsayuwa, amma hukuncin da ya fito daban ne. Bayan yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, matar Sa'adu ɗan Rabi'u ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yanta mata biyu. Ta ce ubansu ya yi shahada tare da shi, baffansu kuwa ya kwashe dukiyar duka bai bar musu kome ba. Abin da baffan ya yi shi ne al'adar Larabawa a lokacin, domin a wurinsu wanda ba ya hawan doki ya kare ƙabila ba ya gado. Sai ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka sauka, aka aika wa baffan cewa ya ba 'yan matan kashi biyu cikin uku, ya ba uwarsu tumuni, abin da ya saura nasa ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito wannan.

Ba a ce da 'ya'yan Sa'adu su auri 'ya'yan baffansu ba. Ba a ce ana ba su ne don kada sunan ubansu ya ɓace ba, don su aka ba su. Aya ta 7 ta surar ta yanke wa mata rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, kaɗan ne ko mai yawa, ba ta kuma ware gona daga raƙumi ba, alhali dukiyar mutanen Madina galibinta gonakin dabino ne. Aya ta 11 ta ba 'ya mace rabonta ko da akwai ɗa namiji, shi ya ɗauki biyu ita ta ɗauki ɗaya. Shari'ar Musulunci ta san gida, ta san dangi, ta yi umarni da sada zumunci, amma ba ta mayar da gida magaji ba. Magaji mutum ne mai rai wanda za a iya kiran sunansa.

Ga misali da lissafi. Mutum ya rasu ya bar gona eka 8, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu, da mata uku, iyayensa kuwa sun riga shi, babu bashi babu wasiyya. Matarsa tana da tumuni, eka ɗaya. Sauran eka 7 a kasa su bakwai: kowane namiji eka 2, kowace mace eka ɗaya. Idan aka haɗa, rabin gonar cif ya tafi hannun mata. Wannan shi ne abin da ke tayar wa mazan hankali, kuma ba a ɓoye cewa wanda ya saba noman eka 8 tare da ubansa zai ji jiki idan ya koma eka 2. Idan shi ma ya rasu aka sake rabawa, jikoki za su tsaya a kan 'yan kunyoyin da ba za su cika rumbu ba.

Ƙasar Hausa ta daɗe tana kokawa da wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Ihya'us Sunna ya lissafa, cikin bidi'o'in da aka ƙaga a babin gado, yadda babban magada ke danne tarika duka da sunan shi ne madadin uba, da kuma hana mata rabonsu. Duk da haka, a shekarar 1923 Sarkin Kano Usmanu ya yi doka ya hana mata gadon gidaje da gonaki, da hujjar cewa matan da suka gaji gida suna barin aure suna zaman kansu. Dokar ta zauna shekara 31, har Sarki Muhammadu Sanusi ya soke ta a shekarar 1954, yana mai la'akari da tsofaffin matan da suka tagayyara ba su da abin dogaro. A cikin waɗannan shekaru an raba tarikoki masu yawa ba tare da mata ba, yara sun tashi suna ganin haka ake yi. Doka takan tafi da rana ɗaya, abin da ta koya wa mutane kuwa yakan daɗe a baya.

Akwai masu kafa hujja da cewa ai gona ba mallakar kowa ba ce, ta hukuma ce, tun daga dokar Turawa ta shekarar 1910 har zuwa dokar ƙasa ta shekarar 1978 wadda ta damƙa filaye a hannun gwamna, don haka ba ta shiga hukuncin gado. Wannan hujja gajeriya ce. In gona ba a gadonta, to, shi ɗa namijin da me ya riƙe ta? Abin da ya gada, ko mallaka ce ko haƙƙin amfani ne, shi ne dai 'yar'uwarsa take da rabo a ciki.

Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta wahala. Namiji zai ce shi ya yi gandu tare da tsoho shekara da shekaru, shi ya kai taki a jaki, shi ya yi huɗa da noman farko da maimai, ita kuwa tana ɗakin mijinta. Gaskiya ne ya yi. Amma a cikin gandun nan aka ciyar da shi da iyalinsa, aka yi masa aure, aka ba shi gayauna. Ita ma kafin a kai ta ɗaki ta kai abinci gona, ta yi roron wake, ta yi sussuka da surfe. Sa'an nan gado ba ladan aiki ba ne. Jaririn da aka haifa bayan rasuwar uba yana ɗaukar daidai da wansa mai furfura. Abin da namiji ya ƙara a gonar da kuɗinsa, kamar rijiya ko dashen mangwaro, wannan yana iya kawo shaida a lissafa masa kafin a raba, kuma hakan adalci ne. Ninki biyun da aka ba shi kuwa ba a ba shi a banza ba, yana tafe da nauyin ciyarwa, har da na ita 'yar'uwar idan aure ya mutu ta dawo. Sau da yawa ma a nan ake gane wanda ya yi asara: wadda aka hana gona da sunan gida ne gatanta, ran da ta dawo da 'ya'ya huɗu sai ta tarar gidan ya cika, matan 'yan'uwanta suna ƙirga mata loma.

Shin Musulunci bai damu da gutsuttsurewar gona ba ne, bai kuma damu da waɗanda za su zo baya ba? Ya damu. Sayyidina Umar ya ƙi raba gonakin Iraƙi ga mayaƙan da suka ci ta, duk da matsin wasu manyan sahabbai, don kada na baya su zo su tarar babu kome. Amma waccan dukiyar jama'a ce, ba tarikar wani ba. A cikin dukiyar mutum kuwa an buɗe ƙofar hubusi, watau waƙafi, ya tsare gona ga zuriyarsa tun yana da rai da lafiya, ba a sayarwa ba a rabawa, amfani kawai ake ci. Sai dai Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya sa hubusin da aka yi wa 'ya'ya maza ban da mata cikin waɗanda suka ɓaci. An bar mutum ya tsare gonarsa, an hana shi ya yi dabarar fitar da 'yarsa.

Bayan rasuwa ma ƙofofi suna nan. Malaman Malikiyya sun ambaci rabo iri uku: na ƙuri'a bayan an daidaita kashi, da na yarjejeniya, da na karɓa-karɓar amfani ba tare da an yanka ƙasar ba. Magada suna iya barin gonar a haɗe, kowa ya san kasonsa, wanda ke nomawa ya riƙa fitar wa sauran hayarsu ko rabon damin da aka amince a kai. Suna iya yi wa kason mace kuɗi a kan farashin da gona take yi a garin a ranar, ba na shekara goma da suka wuce ba, su biya ta in ta yarda. Suna iya ba ta gida ko shanu a madadin gona, in ƙimar ta yi daidai kuma ta zaɓi hakan. Idan kuwa tsoron shi ne mijinta zai sa ta sayar wa bare, to, ga shufa'a: matuƙar ba a yanka iyaka ba, abokin tarayya yana da ikon ya karɓe kason da aka sayar, ya biya mai sayen kuɗin da ya bayar. Risala ta nuna wanda yake gari ya kuma sani, in ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Wannan ita ce ta fi kusa da fansar da Banu Isra'ila suka sani, sai dai a nan wanda yake son gona ta zauna a gida shi ne zai sa hannu a aljihu. A can mace ce ta biya da zaɓin mijinta. Auren zumunci halal ne, yakan kuma yi albarka, amma wanda ya tilasta wa 'yar ɗan'uwansa auren ɗansa don kada eka ɗaya ta fita, ya ɗauko sharaɗin da ba a ɗora wa wannan al'umma ba.

Wanda ya bar waɗannan hanyoyi duka ya zaɓi dannewa, sai ya tuna da hadisin Sa'idu ɗan Zaidu da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka yi wa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci alkawarin za a rataya masa shi a wuya tun daga ƙasa bakwai. Hadisin bai ware ƙasar 'yar'uwa ba. Abin yana kuma yaɗuwa, don gonar da ba a raba ba har magada suka fara mutuwa takan zama ƙulli a kan ƙulli, jikoki su ci abin da ba su san na wasu ba ne, har ran da ɗan 'yar'uwa zai kai ƙara kotun shari'a, zumuncin da aka ce ana tsarewa ya watse a gaban alƙali.

Saura magana ɗaya, ita ce ta yafewa, wadda da ita aka fi fakewa a yau. Za a tara dangi a zaure, a aika ciki a tambayi mata, su aiko cewa sun yafe wa 'yan'uwansu maza, a shafa fatiha. Mace baliga mai hankali tana da ikon ta ba da dukiyarta kyauta, babu mai hana ta. Amma wadda ta san in ta ce a ba ta za a kira ta marar kunya, a daina zuwa sunan 'ya'yanta, ba ta da inda za ta sauka in ta yi yaji, wannan ba a ce ta bayar da daɗin rai ba. Malaman Malikiyya na Magrib sun gamu da irin wannan a cikin ƙabilun ƙasarsu, suka yi fatawa cewa kyautar da mata ke yi wa 'yan'uwansu maza a inda al'ada ta gudana ba a ba su gado ɓatacciya ce, suna iya dawowa su nema, ko magadansu su nema a bayansu, kuma daɗewar shirunsu ba ya kayar da haƙƙin.

Hanyar da ke fid da kowa daga shubuha ita ce a fara rabawa. A je gona da malamin da ya san lissafin gado, da mai unguwa, da shaidu, a auna, a kafa mata alama, a nuna mata ko wakilin da ita ta zaɓa, a rubuta takarda da sunanta. Ta karɓi amfanin kaka ɗaya ko biyu a hannunta, ta ga dami nawa gonar ke bayarwa. Bayan wannan, in ta ga dama ta ba ɗan'uwanta aro, ko haya, ko kyauta, ko ta riƙe abinta.